Tun da na bar allura al'adata ta rikice, yau kwana 52 shiru, ciki ne ko me?

Maman Ɗaya (22 ga Afrilu)

Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, wlh na rasa wanda zan faɗawa ne. Shekarata 27, yarona ɗaya ya kusa cika shekara uku, na yaye shi tun tuni. Bayan na haife shi na fara allurar tsarin iyali ta wata uku-uku ɗin nan, Depo, na yi ta kusan shekara biyu, ta ƙarshe a watan Mayun bara, daga nan muka yi shawara da abbansa a bari haka a nemo masa ƙani ko ƙanwa.

To tun daga lokacin ban sake gane kan al'adata ba. Ni da da kwana 29 ko 30 take zuwa min ko kalanda bana dubawa, amma bayan barin allurar sai da na kai Disamba kafin na ga jini, shima kwana biyu ya ɗauke, sai bayan kwana 47 ya dawo, sai kuma bayan kwana 40 wato ranar 2 ga Maris, daga nan shiru har yau. Abban yaro aikinsa na tafiye-tafiye ne, ya dawo ranar 31 ga Maris ya yi sati ɗaya ya koma ranar 7 ga Afrilu. Ranar 11 na kasa haƙuri na sayi tsinken gwaji na gwada da yamma, layi ɗaya ya fito.

Yanzu kusan sati ɗaya kenan nonona ya ciko yana min ciwo ko riga ta taɓa shi sai na ji, ga kasala ga barci kamar me, marata tana ɗan murɗawa kamar jinin zai zo ina ta zuwa banɗaki ina dubawa amma ba komai, shekaranjiya na ga wani ɗan ɗigo ruwan ƙasa-ƙasa a wando shikenan bai ƙara ba. Na sha ibuprofen sau biyu saboda marar, yanzu kuma shi ma ya zame min abin tunani. Wata ƙawata tace na sayi Primolut N na sha jinin zai sauko na huta, har na karɓo amma na kasa sha, zuciyata na ce min in fa akwai wani abu a ciki? Ina son cikin nan sosai, ina kuma tsoron na sa rai a banza, wani lokacin cikin dare sai na ce ko allurar nan ce ta kashe min mahaifa gaba ɗaya. Dan Allah wadda ta taɓa shiga irin wannan ko mai ilimin abun ta taimaka min.

Uwar Biyu

Wa alaikumus salam yar uwa, sannu kinji, kwantar da hankalinki. Maganar allura ta kashe mahaifa ki cire ta a ranki dan ni shaida ce. Shekara uku na yi ina yinta, da na bari sai da na yi wata tara cur ban ga ko ɗigo ba, kuka kam na sha shi, kowa da abinda yake faɗa min, wannan tace sanyi ne waccan tace jinin ne ya daskare a mara. Da ya tashi dawowa ya dawo a rikice kamar naki, wata ya zo wata ya tsallake, kuma a cikin rikicin nan na samu cikin yan biyuna ban ma sani ba sai da ya kai wata biyu da rabi. Abinda kawai zan ce miki kar ki sha maganin nan tukunna, ki ajiye shi can nesa, ki sake gwaji da fitsarin farko na asuba ba na yamma ba. Allah ya sa mu ji alheri.

Yar Auta

Anti ki gwada na gishiri mana, ki zuba fitsarin safe a kofi ki sa gishiri cokali ɗaya in ya yi kumfa ko ya dunƙule kamar madara to ciki ne, haka naga ana ta faɗa. Kuma Primolut ɗin ai naji ance in da ciki jinin bazai zo ba in babu zai zo, kinga ai shima gwaji ne.

Anti Ungozoma

Yar Auta ƙanwata, na san da kyakkyawar niyya kika faɗa, amma duka biyun ba daidai bane kuma na biyun yana da haɗari. Gishiri baya gane ciki, fitsarin namiji ma in kika zuba masa gishiri zai iya yin kumfa. Primolut N kuma homon ne, norethisterone, a takardar cikin kwalinsa ma an rubuta mai ciki ko wadda ake zaton tana da ciki kar ta sha. Mu a asibiti bama bayar da shi sai mun tabbatar babu ciki. Kuma jinin da yake saukowa bayan an gama shansa jini ne na janyewar magani, baya nufin al'ada ta gyaru, wata mai zuwa za ki koma inda kike.

Maman Ɗaya, na ji daɗi da kika kawo ranaku dalla-dalla, da mata suna zuwa mana da lissafi haka da rabin aikinmu ya ragu. Bari na nuna miki inda matsalar take, gwajin da kika yi ranar 11 bai gaya miki komai ba, kin yi shi da wuri ne.

Kinga shawarar da ake bayarwa cewa ki gwada ranar da kika yi ɓatan wata, wannan ta mai al'ada daidai ce, wadda ta san ranar zuwanta. Ke yanzu baki da wannan ranar. Ita al'ada tana biyo bayan fitar ƙwai ne da kusan sati biyu, wannan ɓangaren baya cika canzawa, ɓangaren da yake tsawo ko gajarta shine na kafin ƙwan ya fita. Mai kwana 28 ƙwanta na fita wajen rana ta 14, mai kwana 47 kuwa sai wajen rana ta 33. To ki duba naki, mai gidanki ya dawo a rana ta 30 ya tafi a rana ta 37, wato in jikinki ya bi irin tafiyar da ya yi a watannin baya, zuwansa zai iya dacewa da fitar ƙwan. Kuma maniyyi yana iya zama da rai a jikin mace har kwana 5 yana jira, shi ƙwan ne baya wuce awa 12 zuwa 24. Bayan sun haɗu sai an ɗauki kwana 6 zuwa 12 kafin ya dasu a bangon mahaifa, sai ya dasu ne jiki zai fara fitar da sinadarin hCG wanda tsinken gwaji yake nema, shima kaɗan-kaɗan yake farawa yana ninkawa duk bayan kwana biyu ko uku. Ke kuma kwana 4 da tafiyarsa kika gwada, da fitsarin yamma wanda ruwan da kika sha duk yini ya tsinka shi. Ko da akwai ciki a lokacin ba lallai tsinken ya gani ba.

Ƙa'idar mai rikitacciyar al'ada ita ce ki ƙirga kwana 21 daga saduwar ƙarshe. Daga 7 ga Afrilu kenan ya faɗa ranar 28. Za ki iya gwadawa gobe ma in kin matsu, in layi biyu ya fito to ya fito, amma in ɗaya ne kar ki yarda da shi sai na ranar 28. Fitsarin farko na safe, kar ki tsoma ya wuce layin da aka ja a jikin tsinken, ki karanta a cikin mintunan da aka rubuta a ledar, yawanci 3 zuwa 5, kar ki dawo bayan awa ɗaya ki ɗauko shi a kwandon shara kina haska shi da fitilar waya, in ya bushe yakan fitar da wani layi mara kala wanda ya sa mata da yawa murna a banza. In ba za ki iya jira ba gwajin jini na hCG yana gani da wuri fiye da na fitsari.

Alamomin da kika lissafa kuwa, gaskiya ba zan yaudare ki ba, ciwon nono da kasala da murɗawar mara duk aikin homon ɗin progesterone ne, wanda yake hawa bayan fitar ƙwai ko da ciki ko babu, shi yasa gab da al'ada da farkon ciki suke kama kamar an tsaga kara. Amma ni abinda ya faranta min rai a ciki, alama ce mai yiwuwa ƙwanki ya fara fita, wanda shine abinda allurar take hanawa. Depo bata hana haihuwa har abada, jinkiri take sawa, a matsakaici wajen wata 10 daga allurar ƙarshe kafin a samu ciki, wasu har shekara ɗaya da rabi. Ke kina wata na 11, kina cikin layi.

Ibuprofen sau biyu kar ya hana ki barci, amma ki dakata da shi, in ciwon ya dame ki paracetamol ya fi. Kuma tunda neman ciki kike ki fara shan folic acid 400 mcg kullum tun yau ba sai kin ga layi biyu ba, amfaninsa mafi girma a satittikan farko ne lokacin da laka da ƙwaƙwalwar jariri suke haɗuwa, kafin ma mace ta san tana da ciki.

Mai Haƙuri

Ni dai abu ɗaya ya tsaya min a rubutunki, ciwon mara da ɗigon jini. Ba tsorata ki zan yi ba, ina so ne ki san abinda ni ban sani ba har ya kusa kai ni lahira. Nima al'adata ba ta da tsari tun ina budurwa dan haka da na yi wata biyu ban gani ba ko a jikina, sai na fara ganin jini baƙi-baƙi kaɗan-kaɗan na ce to gashi ta zo, ga wani ciwo a gefen dama na marata yana soka yana saki, na je kemis aka ce sanyi ne aka haɗo min magunguna na sha kwana biyar babu wanda ya ce na yi gwajin ciki. Ranar da abin ya tashi ina tsaye ina wanke-wanke naji jiri, ga wani ciwo a saman kafaɗata wanda na rasa me ya haɗa shi da mara, sai farkawa na yi na ganni a gadon asibiti an min tiyata an ƙara min jini leda biyu. Ashe ciki ne ya zauna a bututun mahaifa ya fashe, jini na ta zuba a cikina. An cire bututun ɗaya, Alhamdulillah da ɗayan na haifi yarinyata bayan shekara biyu.

Dan haka ki lura da ciwonki, in murɗawa ce a tsakiya kamar ta al'ada wannan daban, amma in ya koma gefe ɗaya yana ƙaruwa, ko jiri, ko ciwon kafaɗa, ko kika ji kamar za ki suma, ko da tsakar dare ne kar ki jira ranar 28 kar ki jira mai gida ya dawo, ki nemi wanda zai kai ki asibiti, kuma da bakinki ki ce musu ina zaton ina da ciki.

Maman Ɗaya

Innalillahi, sannu Mai Haƙuri, Allah ya ƙara lafiya ya raya miki yarinya. Nawa a tsakiya yake kuma baya da ƙarfi amma zan sa ido in sha Allah. Anti Ungozoma na gode na gode, wlh tunda na fara wannan zullumin babu wanda ya zaunar da ni ya min lissafin nan, ni duk a tunanina rana ta 14 ce kawai ake samun ciki shi yasa ma da ya dawo ƙarshen wata na ce ai an riga an wuce. Na mayar da Primolut ɗin cikin durowa. Tambayata ɗaya, in ranar 28 ta zo layi ɗaya ne kuma jinin bai zo ba fa, na cigaba da zama ko me zan yi?

Fure

Kafin anti ta amsa bari na sa baki a nan dan ni wannan ɓangaren na fi sani. Kar ki zauna kina ɗorawa allura komai har abada. Ni ban taɓa yin tsarin iyali ba amma sai na yi wata uku wata huɗu ban ga al'ada ba, shekara shida ina haka, duk wata sai na sayi tsinke na gwada na yi kuka, ga ƙiba tana ta hawa duk da ba wani ci nake ba, ga ƙuraje a fuska ga gashi yana fito min a haɓa ina tsigewa a ɓoye, wuyana ya yi baƙi ina ta dirza ina zaton datti ne. Maganin sanyi kam babu irin wanda ban sha ba. Sai da na samu likitan mata ya haɗa min sikanin da gwajin jini sannan aka ce PCOS ne, ƙwan ne baya fita a kan lokaci, kuma ya ce min ba ni kaɗai bace, wajen mace ɗaya cikin goma tana da shi da yawa basu ma sani ba. Ya kuma ce barin mahaifa ta wuce wata uku ba ta zubar da jini ba akai-akai ba shi da kyau dan bangonta yana ta kauri ne. Da na rage kilo 6 kawai da tafiyar ƙafa da rage zaƙi, da maganin da ya ɗora ni a kai, yanzu duk kwana 35 zuwa 38 nake gani. Haihuwa dai har yanzu ina jira, ku sa ni a addu'a, amma ko ba komai yanzu na san sunan abinda ke damuna, na daina zargin kaina.

Anti Ungozoma

Allah ya kawo masu albarka Fure, kuma ki cigaba da bibiyar likitanki dan akwai magungunan da ake bayarwa na taimakawa ƙwai ya fita, masu PCOS da yawa suna haihuwa.

Maman Ɗaya, in ranar 28 layi ɗaya ne to daga zuwansa na wannan karon babu ciki, sai ki numfasa. Ki ƙara wa jinin lokaci, amma in kika kai wata uku daga 2 ga Maris, wato farkon Yuni, baki gani ba, ki je asibiti. Ni da za ki bi tawa ma tunda kin kusa shekara da allurar ƙarshe kuma haihuwa kike nema, ki je ko ya zo in dai tazarar ta cigaba da wuce kwana 35, dan daidai shine tsakanin 21 da 35, ana ƙirgawa daga ranar farko ta jini zuwa ranar farko ta na gaba, ba daga ranar da ya ɗauke ba, nan mata da yawa suke kuskure. Za a duba tayirod ɗinki, wato wata halitta a maƙogwaro mai fitar da homon, da prolactin wato homon ɗin ruwan nono wanda in ya yi yawa yake tsayar da al'ada ko ba a shayarwa, a yi sikanin. Ki tafi da ranakun nan a rubuce. Damuwa da rashin barci su ma suna jinkirta fitar ƙwai, ga rama ko ƙiba ta lokaci ɗaya.

Maman Ɗaya (28 ga Afrilu)

Yan uwa na kasa ko karyawa sai da na zo na faɗa muku. Ƙarfe biyar na asuba na gwada, hannuna na rawa, kafin minti uku layi na biyu ya fito, bai kai na farkon duhu ba amma ja ne ana ganinsa sarai ba sai an haska ba. Na sake da wani tsinken daban shima haka. Alhamdulillah Alhamdulillah. Ina ta kallon kwalin Primolut ɗin nan jikina yana sanyi. Na kira abban yaro ya kasa magana sai hamdala. Anti yanzu in na lissafa daga 2 ga Maris wata biyu kenan ko? Gobe nake son zuwa sikanin.

Anti Ungozoma

Masha Allah, barka barka ƙanwata, Allah ya inganta ya raba lafiya. Layi ko bai yi duhu ba in dai mai kala ne kuma a kan lokaci ya fito, ciki ne.

Amma ki saurare ni da kyau kafin gobe dan kar ki je ki dawo da kuka. A takarda za a lissafa miki sati 8 daga 2 ga Maris saboda haka ake ƙirga ciki, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, amma wannan lissafin an gina shi ne a kan ƙwai ya fita rana ta 14, naki kuwa bai fita ba sai bayan rana ta 30. Ainihin cikinki bai fi sati 5 zuwa 6 ba, zai iya ma gaza haka kaɗan. A wannan lokacin sikanin na kan ciki zai iya nuna yar jaka kawai ko ma bai nuna komai ba, bugun zuciya sai wajen sati 6 ake fara gani da sikanin da ake yi ta cikin gaba, na kan ciki kuma sai an ɗan ƙara. In mai sikanin bai san labarin al'adarki ba zai iya ce miki cikin sati 8 ne da bai girma ba. Ki gaya masa ranakun zuwan mai gidanki tun kafin ya ɗora na'urar, kuma kar ki yarda a miki wankin ciki ko a baki wani magani a kan sikanin ɗaya, a maimaita bayan kwana 10 zuwa 14. Gobe ki je ki ga likita, ki faɗa masa maganar ɗigon jinin nan da ciwon marar, shi zai yanke ko a duba inda cikin ya zauna yanzu ko a jira sati mai zuwa. Alamomin da Mai Haƙuri ta lissafa suna nan daram har sai an ga cikin a cikin mahaifa, kuma ki cigaba da folic acid ɗinki har sati 12.